Sojojin Tebur da Yadda A Ke Yi Musu Fenti

A Ingila da Jamus da Amurka, da waɗansu ƙasashe da dama, akwai wani wasa da yara da manya su ke yi bisa tebur. Su kan shimfiɗa koren ƙyalle ya zama kamar fili, su ɗora 'yan duwatsu da 'yan itatuwa da 'yan gidaje. Sa'an nan mutum biyu su tsaya, wannan a gefe guda, wancan a ɗaya gefen, kowa ya jera rundunarsa. Sojojin nan ba na gaske ba ne, 'yan mutum-mutumi ne da aka zuba da ƙarfe ko da roba. Yawancinsu tsawonsu milimita 28 ne, watau inci guda da 'yan kai, kamar gaɓar babban yatsan babban mutum.

Masu wasan su na auna tafiyar kowane soja da rula, su na jefa 'yar ƙwaya mai fuska shida irin ta ludo, domin a san wanda harbinsa ya samu da wanda ya kuskure. Amma a cikin wannan darasi ba dokokin wasan za mu koya ba. Za mu duba aikin da a ke yi kafin a kai ga tebur, gama sojojin nan ba su zuwa da launi. Mai su shi ne zai zauna ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, ya kafa kowanne bisa ɗan dandamalinsa. Aiki ne na hankali, kuma kowane mataki da dalilinsa.

Asalin abin

Yin ƙananan sojoji ba sabon abu ba ne. A ƙasar Masar, kusa da garin Asyut, an tone kabarin wani hakimi mai suna Mesehti, wanda ya yi zamani wajen shekara 4,000 da suka wuce. A ciki an sami sojojin katako tamanin, arba'in masu māsu da garkuwa, arba'in maharban Nuba masu baka da kibiya. Dukansu an shafa musu launi, an jera su sahu-sahu bisa allunan katako. Yanzu su na birnin Alƙahira. Waɗannan ba don wasa aka yi su ba, amma ku lura, tun wancan zamani masassaƙin ya san abu biyu: soja ya na bukatar launi, ya na kuma bukatar abin da zai tsaya bisa.

Wasan yaƙi bisa tebur kuwa ya yi ƙarfi ne a Furushiya, wata tsohuwar daula ta ƙasar Jamus. A shekarar 1824 wani saurayin hafsa mai suna Reisswitz ya gyara wani wasa da ubansa ya ƙago, ya nuna wa manyan sojan ƙasar. A na yinsa bisa taswira, da 'yan gutattakin dalma, na wannan gefe ja, na wancan shuɗi, ga kuma alƙali mai raba gardama. Manyan soja suka ga amfaninsa, suka sa hafsoshinsu su riƙa koyon dabarun yaƙi da shi. Da Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai waɗansu ƙasashe suka soma kwaikwayon wasan.

A wannan zamanin kuma maƙeran birnin Nurembag na Jamus sun shahara wajen zuba sojojin kuza, fale-fale kamar kwabo, su na sayarwa ko'ina a Turai. Sai a 1893 wani Bature a Landan, mai suna William Britain, ya fito da wata dabara. Ya kan zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi, watau abin nan mai siffar soja a cikinsa, sa'an nan ya juye shi maza-maza kafin ta daskare duka. Wadda ta taɓa bangon mazubin ta riga ta sandare, ta tsakiya kuwa ta zube. Sai soja ya fito da rami a ciki, ba nauyi, bai ci dalma da yawa ba. Saboda haka kuɗinsa ya sauka, yara da yawa suka samu.

A 1913 wani marubuci na Ingila, H. G. Wells, ya buga littafi mai suna *Little Wars*, watau ƙananan yaƙe-yaƙe. A ciki ya tsara dokokin wasa da irin sojojin nan, a na harbinsu da 'yar igwa mai tsartar da ɗan guntun katako. Shi Wells ba ya son yaƙin gaske. A ganinsa gara a yi shi bisa daɓe da sojojin dalma, inda ba mai mutuwa, ba a bar marayu ba. Shekara guda bayan fitar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, mutane miliyoyi suka halaka.

Tun daga nan wasan bai daina yaɗuwa ba. Kamfanin da ya fi suna wajen yin sojojin tebur a yau shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuwa cibiyarsa ta na birnin Notingam. A 1983 ya fito da wasansa mai suna Warhammer, inda ban da sojoji har da dodanni irin na tatsuniya.

Gyara da wanka

To, bari mu bi mai fenti mu ga yadda ya ke yi. Sojojin roba su kan zo gunduwa-gunduwa, kai dabam, hannu dabam, duk a manne jikin wani ɗan firam. Ya kan yanke su da ƙaramin almakashi. In kun dubi jikin kowane guntu da kyau, za ku ga wani siririn layi ya bi ta kansa ya zagaya. Wannan alamar wurin da ɓari biyu na mazubi suka haɗu ne. Dole a kankare shi da bayan 'yar wuƙa, domin in an bar shi, fenti ba ya ɓoye shi, sai ma ya ƙara fito da shi fili, a ga soja kamar an tsaga fuskarsa biyu.

Bayan haka sai wanka, musamman in sojan na ƙarfe ne. A wurin zubi a kan shafa wa mazubi wani abu mai santsi don kada soja ya manne a ciki, kaɗan daga cikinsa ya kan biyo sojan. Hannun mutum kuma ya na da maiƙo. Fenti mai ruwa ba ya zama bisa maiƙo, kamar yadda ruwa ba ya zama bisa faranti mai mai. Don haka a kan wanke soja da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe sarai, kana a haɗa gaɓoɓinsa da gam.

Fentin shimfiɗa

Jikin ƙarfe da na roba sumul su ke. In aka ɗora musu launi haka nan, da an taɓa sai ya ɓare. Saboda haka a kan fara shafa wani fenti na musamman mai kama jiki, wanda za mu kira fentin shimfiɗa. Shi ne tushen aikin, kamar yadda magini ya ke yin yaɓe kafin ya yi zane a bango.

Fentin shimfiɗa ya kan zama fari, ko baƙi, ko toka-toka. In fari ne, launin da aka ɗora bisansa ya kan fito da haske, ja ya yi ja wur. In baƙi ne, launuka su kan ɗan dushe, amma duk lungun da buroshi bai kai ba sai ya zauna kamar inuwa. Toka-toka kuwa tsaka-tsaki ne. Mai fenti shi zai zaɓa tun da fari, gwargwadon irin rundunar da ya ke so.

Launi

Yawancin masu wannan aiki a yau su na amfani da fentin akirilik, wanda a ke tsinka shi da ruwa, ya bushe cikin 'yan mintoci. Kafin mai fenti ya buɗe kwalba, sai ya binciki irin tufafin da sojojinsa suka sa. In na yaƙin Watalu ne, wanda aka yi a 1815, dakarun Ingila jajayen riguna su ke sawa, na Faransa kuwa shuɗɗa. Ta haka yaro ya kan koyi tarihi ya na wasa.

Ga babbar dokar aikin: kada fenti ya yi kauri. A jikin ɗan sojan nan akwai maɓallai da igiyar takalmi da gashin baki, duk an zana su ƙanana ƙwarai. Idonsa bai kai ƙwayar riɗi ba. Fenti mai kauri ya kan cike waɗannan duka, fuska ta zama dunƙule guda. Don haka a kan ɗiga fenti bisa faranti, a sa masa ruwa kaɗan har ya yi kamar madara. Shafa ta fari ba za ta rufe ba, za a riƙa hangen shimfiɗa ta ƙasa. Nan ne mai gaggawa ya ke ɓata aikinsa, ya lafta fenti don ya gama da wuri. Mai hankali kuwa sai ya jira ta bushe, ya sake shafa ta biyu. Shafa biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri.

A kan fara daga ciki zuwa waje, kamar yadda mutum ya ke sa tufafi: fata tukuna, sa'an nan riga da wando, sa'an nan ɗamara da jaka da makami. Dalili kuwa, in buroshi ya zame wajen shafa fata ya taɓa riga, ba komai, launin riga zai zo ya rufe.

Inuwa da haske

In an gama sa launuka, soja ya kan yi kyau, amma sai ka ga kamar ba shi da rai. Me ya sa? Ku dubi rigar malaminku sa'ad da ya tsaya a rana. Launinta ɗaya ne, amma cikin ninkin ya yi duhu, bisa kafaɗa kuwa ya yi haske. Wannan duhu da haske su ke nuna wa ido siffar abu. Ninkin rigar ɗan soja ba shi da zurfin da zai yi inuwa ta kirki, saboda ƙanƙantarsa. Tun da rana ba za ta yi masa inuwa ba, sai mai fenti ya zana masa ita da hannu.

Ya kan ɗauki launi mai duhu, baƙi ko ƙasa-ƙasa, wanda aka tsinka ƙwarai har ya zama kamar ruwan shayi, ya shafe sojan da shi. Ruwa kullum gangare ya ke bi. Sai ya gudu daga tudu ya taru cikin ninki, da tsakanin yatsu, da kwarmin ido. Da ya bushe, sai ga inuwa ta fito ko'ina a wurin da ya dace.

Sa'an nan sai haske. Mai fenti ya kan gauraya launin riga da wanda ya fi shi haske kaɗan, ya taɓa wuraren da suka ɗago kaɗai: karan hanci, da kumatu, da kafaɗa, da gwiwa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi don gashi da sulke da jikin dutse. A kan tsoma buroshi cikin launi mai haske, a goge shi bisa tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafa shi sama-sama. Ɗan fentin da ya rage sai ya kama tudu kawai, ya tsallake kwari.

Wanda ya ke da runduna ba ya gama soja guda kafin ya taɓa na biyu. Ya kan jera goma, ya yi musu fuska duka, ya koma ya yi musu riga duka. Kafin ya kai na goma, na fari ya bushe. Ta haka kuma launinsu ya kan zo daidai.

Dandamali

Ƙafafun ɗan soja ƙanana ne, ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba. Don haka a kan manna shi bisa ɗan dandamali na roba ko na katako. Wanda zai yi yaƙi shi kaɗai a kan ba shi kewayayye, faɗinsa kamar milimita 25. Waɗanda za su tafi sahu-sahu sau da yawa a kan ba su mai kusurwa huɗu, domin su haɗu kafaɗa da kafaɗa.

Amfanin dandamali uku ne. Na fari, ya na hana soja faɗuwa. Na biyu, a wasanni da yawa daga bakinsa a ke fara awo, don haka in girmansa ya saɓa wa doka, gardama za ta tashi. Na uku, nan ne a ke kamawa in za a ɗaga soja, don kada yatsu su goge fentin jikinsa.

Ba a barin dandamali fili sumul, a kan mai da shi kamar ƙasa ta gaske. A kan shafa masa farin gam irin na kafintoci, a tsoma shi cikin busasshen yashi da aka tankaɗe, a kakkaɓe ragowar. In ya bushe, a shafa launin ƙasa, a bi da buroshin nan mai kusan bushewa don ƙwayoyin yashi su fito. Daga nan a ɗiɗɗiga gam nan da can, a manna 'yar ciyawa ta zare da 'yan tsakuwoyi. Amma a tuna da girman soja. Tsakuwar da ta kai ƙwayar gyaɗa, a wurinsa dutse ce da ta kusa gwiwarsa.

Dandamali ya kan faɗi inda soja ya ke. Yashi mai haske ya nuna hamada, kore ya nuna makiyaya, fari ya nuna ƙasar ƙanƙara. In an yi wa runduna duka iri ɗaya, ko daga nesa a kan gane 'yan gida ɗaya ne. A ƙarshe a kan shafe soja da wani mai garai-garai, ɗan'uwan wanda kafintoci su ke shafa wa tebur, domin ya tsare fentin daga gumin hannu.

Abin kiyayewa

Akwai haɗari cikin wannan aiki, ya kamata ku sani. Dalma guba ce. In ta shiga cikin yaro, ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta hana shi fahimtar karatu, in ta yi yawa ta kashe shi. Saboda haka kamfanin Britain ya daina yin sojojin dalma na yara a 1966. Mu ma nan Nijeriya mun ga sharrinta a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. To, kada ku narka dalma, kada ku fasa tsohon batirin mota don ku ciro ta, kada kuma ku sa buroshin fenti a baki. Wuƙa kuwa, sai babba ya na kusa, kuma kullum a yi yanka zuwa waje, ba zuwa wajen yatsa ba. In an gama aiki a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Soja guda ya kan ci awa ɗaya ko fiye, runduna kuwa watanni. Wanda ya tsallake wanka, fentinsa zai ɓare. Wanda bai jira shafa ta fari ta bushe ba, launukansa za su cakuɗe. Ba wuyar aikin ce ta ke kā da mutane ba, rashin jira ne. Sojan fari na kowane gwani mummuna ne, amma yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Tambayoyi

1. Me aka samu cikin kabarin Mesehti?
2. Wace dabara William Britain ya fito da ita a 1893, me ya sa ta rage kuɗin soja?
3. Don me a ke wanke soja kafin a yi masa fenti?
4. Me ya sa mai fenti ya ke zana inuwa da hannunsa?
5. Faɗi amfanin dandamali guda uku.
6. Wace ɓarna dalma ta ke yi wa yaro?

Aiki

Ku samo yumɓu, kowa ya gina doki da mahayinsa, tsawonsu kada ya wuce tafin hannu. Ku shanya su a inuwa har kwana uku, domin rana mai zafi ta kan sa su tsage. Ku yi musu shimfiɗa da farar ƙasa, ku sa launi da jar ƙasa da shuni da garin gawayi, kowane launi ya bushe kafin ku ɗora wani. Sa'an nan ku kafa kowane doki bisa guntun kwali, ku shafa ƙaro, ku barbaɗa yashi. In kun gama, ku jera su duka bisa teburin malam, ku ja da baya taku uku, ku duba wanne ne siffarsa ta fi fitowa, ku faɗi dalili.